Masana'antun Kwikwiyo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kiwon Karnuka Don Riba da Yaƙin da Ake Yi da Shi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga masu shirin sayen kwikwiyo, musamman 'yan'uwa mazauna Amurka da Turai inda wannan kasuwa ta fi ƙarfi, da kuma masu neman karen gadi a gida. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga batun dokoki da dabarun 'yan kasuwar.

Mene ne masana'antar kwikwiyo?

Wuri ne da ake tara karnuka mata masu yawa, wani lokaci gommai, wani lokaci ɗaruruwa, aikinsu kawai su yi ta haihuwa ana sayar da 'ya'yan. Ba yawan karnukan kaɗai ne ya raba shi da gidan mai kiwo na kirki ba. Lissafin mai wurin ne ya bambanta. Duk abin da zai ci riba, kuɗin likita ne, fili ne, hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ne, ko albashin wanda zai riƙa fitar da kare ya miƙe ƙafa, sai a soke shi. Wanda ya taɓa shiga gidan gonar kajin ƙwai ya ga keji a kan keji ya riga ya ga fasalin wurin, sai dai kare dabba ce da ke neman mutum, kuma tana iya shekara goma sha a duniya.

Ƙungiyar Humane Society ta Amurka, wadda ta koma Humane World for Animals a 2025, ta daɗe tana ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan wurare kusan 10,000 a ƙasar, masu lasisi da marasa shi. Ƙiyasi ne, domin wanda ba shi da lasisi ba ya zuwa a ƙirga shi.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga gonakin tsakiyar Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Manoma da dama sun shiga matsi, a daidai lokacin da mutanen birni suka samu kuɗi a hannu, suka koma sababbin unguwanni masu tsakar gida, kowa yana son kare mai asali. Ma'aikatar noma ta ƙasar ma ta ƙarfafa wa manoma gwiwa su ɗauki kiwon kwikwiyo a matsayin wata hanyar samu. Mutanen da ba su taɓa kiwon kare ba suka gyara akurkin kaji da kejin zomaye suka zuba karnuka. Manyan kantuna irin su Sears suka fara sayar da 'yan kwikwiyo, daga baya shagunan dabbobi suka karɓe kasuwar. Shi ya sa har yau jihohin da aka fi ambata su ne Missouri, Iowa, Kansas, Ohio, Indiana da Pennsylvania.

Yaya rayuwar uwar take a irin wannan wuri?

Karya takan nemi barbara kamar sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai kiwo na kirki yakan jira ta gama girma, ya bar mata hutu, ya kuma tsayar da ita bayan 'yan haihuwa. A masana'anta ana haɗa ta da namiji tun zuwan barbara na farko, kuma duk zuwan da ta yi ba a bari ya wuce. Tana shayarwa, a janye 'ya'yan, kafin jikinta ya dawo an sake.

Abin da masu ceto suka saba tararwa ya yi kama da juna ko'ina: tafin ƙafa ya kumbura saboda tsayuwa a kan waya, farce ya yi tsawo ya lanƙwashe ya shige nama, gashi ya dunƙule da kashi, haƙora sun ruɓe har wani lokaci muƙamuƙi ya lalace, ga ciwon kunne da na ido da ƙari a nono. Idan an jera keji wani bisa wani, fitsarin na sama a kan na ƙasa yake sauka. Akwai karyar da za ta shekara shida ba ta taɓa taka ciyawa ba.

Ranar da ta daina haihuwa, amfaninta ya ƙare a idon mai wurin. Wasu a kai su gwanjo, wasu a miƙa wa ƙungiyoyin ceto, wasu a kashe. Mai saye ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, kuma a kan rashin ganin nan aka gina kasuwar gaba ɗaya, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Ta wace hanya kwikwiyo ke isa hannun mai saye?

Hanyar da aka saba ita ce ta dillali. Shi ke bi gona-gona yana sayen 'yan kwikwiyo da arha da zarar sun kai mako takwas, wanda shi ne mafi ƙarancin shekarun da dokar tarayya ta yarda a yi safararsu. Ya tara su wuri guda, ya loda a mota, a yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa shagunan New Jersey ko Florida. A shago sai a yi masa wanka, a sa shi bayan gilashi, a ɗora farashin dala dubbai. Wanda ba shi da kuɗin a hannu a ba shi bashi mai kuɗin ruwa mai tsanani. An ma taɓa yayin ba da hayar kare, mutum yana biya wata-wata bai san karen ba nasa ba ne, har sai da jihohi irin su Kalifoniya da Nevada da New York suka haramta hakan.

Hanya ta biyu ita ce intanet, kuma yanzu ita ta fi girma. Shafi mai kyau, hoton yara suna wasa da kwikwiyo a kan ciyawa, da alkawarin kawo maka shi har filin jirgi ko bakin wani kanti. Ko ta shago ko ta intanet, manufa ɗaya ce: a raba mai saye da wurin da uwar take.

Ba doka ce ta hana wannan ba a Amurka?

Akwai doka, amma ba ta hana ba. Dokar Jin Daɗin Dabbobi ta 1966, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, ita ce ta tarayya, kuma sashen APHIS na ma'aikatar noma ke aiwatar da ita. Mai karnuka mata fiye da huɗu da yake sayarwa ga dillali, ko ga wanda bai ga karen ido da ido ba, dole ya nemi lasisi. Masu sayarwa ta intanet sun daɗe suna zillewa, sai a 2013 aka gyara ƙa'idar ta haɗa da su.

Matsalar tana cikin abin da dokar ta ɗauka a matsayin isasshe. Ga yadda ake auna keji: a auna kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci shida, wannan shi ne tsawo da faɗi. Karen da ya kai inci 20 ke nan zai iya ƙare rayuwarsa a keji mai inci 26 kowane gefe, kimanin santimita 66, rufin kuma inci shida sama da kansa. Idan aka ninka wannan fili sau biyu, ba dole ba ne a riƙa fitar da shi motsa jiki. An yarda da daɓen waya idan ta cika wasu sharuɗɗa, an yarda a jera keji bisa keji, kuma ba a ƙayyade yawan haihuwa ba. Sai a 2020 ne aka wajabta ruwan sha a gaban kare kowane lokaci da duba na likita sau ɗaya a shekara. Saboda haka idan mai shago ya bugi ƙirji ya ce masu kiwonsa duk suna da lasisin gwamnati, abin da ya faɗa ke nan, ba fiye ba.

To, ko wannan ɗan abin ana tabbatar da shi?

Ba kamar yadda ya kamata ba, kuma ma'aikatar da kanta ta shaida. A 2010 ofishin babban sufeto na ma'aikatar noma ya fitar da rahoton bincike da ya nuna cewa jami'ai sun fi karkata ga lallashi da wayar da kai, suna barin masu maimaita laifi ba hukunci, tarar da ake ci kuma ba ta kai ta tsorata kowa ba. A Fabrairun 2017 ma'aikatar ta sauke rahotannin duba daga shafinta, aka rasa hanyar da 'yan jarida da masu saye ke bi su san tarihin mai kiwo. Sai da majalisa ta tilasta aka mayar da su a 2020.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na wani mai lasisi a Iowa a 2021. Sufetoci sun rubuta masa laifuffuka sama da ɗari cikin watanni, karnuka suna ta mutuwa, kafin ma'aikatar shari'a ta shiga ya miƙa karnuka fiye da 500. A cikinsu akwai wata karya da aka tarar ta rame har ba ta rayu ba, lamba kawai gare ta, daga baya aka raɗa mata suna Goldie. Da sunanta aka gabatar da ƙudurin doka a majalisar tarayya na tilasta wa sufetoci kwashe dabbar da ke shan wahala da cin tara mai ma'ana. An sha gabatar da shi, kamar wani ƙudurin ɗan'uwansa da ke neman faɗaɗa keji da hana daɓen waya.

Me ya sa kullum ake ambaton Missouri?

Domin ita ce cibiyar kasuwar. Tun 2013 Humane Society ke fitar da jerin wurare ɗari mafi muni kowace shekara, kuma Missouri ke zuwa kan gaba shekara bayan shekara. Labarin ƙuri'ar 2010 ya nuna dalili. A Nuwamban shekarar aka kai wa jama'a ƙuduri kai tsaye: kada mai kiwo ya wuce karnukan haihuwa 50, kada karya ta haihu fiye da sau biyu cikin wata 18, a faɗaɗa keji, likita ya duba kowace shekara. Ya tsallake da kashi 51 da 'yan kai cikin ɗari. Biranen St. Louis da Kansas City suka ce e, karkara ta ce a'a.

'Yan majalisar jihar, waɗanda yawancinsu daga karkara suke, ba su ɓata lokaci ba. Ƙungiyoyin manoma sun tsorata cewa idan aka ƙayyade yawan karnuka yau, gobe za a zo kan shanu da aladu. A Afrilun 2011 aka warware dokar, Gwamna Jay Nixon ya sa hannu a kan wata ta sulhu wadda ta riƙe wasu gyare-gyaren keji da na likita, ta jefar da iyakar 50. Wannan ya koya wa masu fafutuka darasi: yaƙi a jihar da ake kiwo yana da wuya, gara a koma jihohin da ake saye. Daga nan batun hana shaguna, da ke ƙasa, ya samu ƙarfi.

Akwai jihar da ta gyara wuraren kiwon da kansu?

Pennsylvania ta yi ƙoƙari, bayan wani abu mai tayar da hankali. A 2008 jami'in duba ya umarci masu wani gidan kiwo a gundumar Berks su kai karnukansu likita. Maimakon su biya, sai su da ɗan'uwansu mai gidan kiwo na kusa suka harbe karnuka 80, kuma a lokacin ba su karya doka ba. A Oktoban shekarar Gwamna Ed Rendell ya sa hannu a dokar da ta ninka girman keji a manyan gidajen kiwo, ta hana jera su bisa juna, ta wajabta duba na likita duk wata shida, ta kuma ce likitan dabbobi kaɗai ke da ikon kashe kare. Gidajen kiwo masu yawa suka rufe ko suka rage karnuka don su fita daga ƙarƙashin dokar.

Mece ce hikimar hana shaguna sayar da kwikwiyo?

Mai kiwo na kirki ba ya kai 'ya'yan karyarsa shago, domin yana son sanin hannun da za su faɗa. Shago kuma yana buƙatar kaya masu yawa, iri-iri, kowane mako, kuma masana'anta kaɗai ke iya wannan. Idan aka rufe ƙofar shago, an yanke wa dillali babbar kasuwarsa ba tare da an aika sufeto ko ɗaya gona ba.

Birane suka fara: Albuquerque a 2006, Los Angeles a 2012, sai ɗaruruwa suka biyo baya. Kalifoniya ce jiha ta farko, da dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2017 ta fara aiki 1 ga Janairun 2019, ta shafi karnuka da kyanwoyi da zomaye. Maryland ta biyo, sannan Illinois da wasu. A New York, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a Disambar 2022, aka ba shaguna shekara biyu su sauya sana'a, dokar ta fara aiki a Disambar 2024. Shago yana iya ci gaba da sayar da abinci da kayan dabbobi, ya kuma ba ƙungiyoyin ceto wuri su nuna karnukan da ke neman gida.

'Yan kasuwar sun haƙura ke nan?

Ina! Dokar Kalifoniya ta farko ta bar shago ya sayar da karen da ya fito daga ƙungiyar ceto. Sai wasu dillalai a Iowa suka yi rajistar ƙungiyoyin ceto na bogi, kwikwiyon masana'anta ya bi ta cikinsu a takarda, ya fito a matsayin wanda aka ceto, a sayar da shi dala dubbai. Babban lauyan Iowa ya kai su kotu a 2019, Kalifoniya kuma ta toshe ɓarakar da wata doka a 2020. Wasu shagunan sun tsallaka iyaka zuwa jihar da ba ta hana ba, wasu sun koma intanet, wasu kuma suna hayar gida a unguwa su nuna kamar a nan aka haifi kwikwiyon. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta sa ake nanata maganar ganin uwa a amsar da ke bayani kan yadda ake gane mai sayarwa.

Mece ce Dokar Lucy da ake ji a Birtaniya?

Lucy ƙaramar karya ce irin Cavalier King Charles, an ceto ta daga wata gonar kwikwiyo a Wales a 2013, bayanta ya lanƙwashe saboda zaman keji, tana farfaɗiya. Ta mutu a 2016. Wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya jagoranci fafutuka da sunanta, kuma daga 6 ga Afrilun 2020 ya zama laifi a Ingila wani na tsakiya ya sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba. Ko dai ka je wurin wanda ya kiwata, ko ka je gidan ceto. Wales da Scotland sun yi irin tasu a 2021.

Tun kafin nan, ƙa'idojin 2018 sun ce duk wanda karnukansa suka haihu sau uku ko fiye a shekara yana sayarwa sai ya nemi lasisi, kada a sayar da kwikwiyo ƙasa da mako takwas, kuma a nuna shi tare da uwarsa. A ganina wannan ta fi ta Amurka kama bakin zaren, domin ta mayar da ganin uwa haƙƙin mai saye. Rauninta yana bakin iyaka: ana shigo da 'yan kwikwiyo daga Ireland da gabashin Turai da takardun da aka ƙara musu shekaru, wani lokaci ma a shigo da karya da tsohon ciki ta haihu a can a ce haifaffun gida ne. Ƙungiyar Dogs Trust ta daɗe tana bankaɗo wannan fasa-ƙwauri.

Sauran ƙasashe fa?

Faransa ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shagunan dabbobi daga 1 ga Janairun 2024. Jihar Victoria ta Ostareliya ta bi ta kan yawa a dokarta ta 2017: karnukan haihuwa goma, wanda zai wuce sai da amincewar minista, kuma ko da ita ba zai haura 50 ba. Wato abin da Missouri ta kasa riƙewa.

Idan kwikwiyon yana da kyan gani da kuzari, ina ruwana da inda ya fito?

Ruwanka yana aljihunka da lafiyar iyalinka. Cutar parvo, mai sa amai da gudawar jini, takan ɓoye kwanaki kafin ta bayyana, saboda haka kwikwiyon da ke tsalle ranar Asabar yana iya kwanciya asibiti ranar Laraba. Ga tsutsar ciki, ga tarin da suke ɗauka a mota. Sannan ga cututtukan gado da ba sa fitowa sai bayan shekara ɗaya ko biyu: gurɓacewar ƙugu a manyan karnuka, ciwon zuciya a irin su Lucy, wahalar numfashi a masu gajeren hanci irin French bulldog, wanda a 2022 ya zama irin da aka fi rajista a Amurka bayan Labrador ya shekara 31 a kan gaba. Mai kiwo na kirki yana gwada iyaye kafin ya haɗa su. Masana'anta ba ta yi.

Wasu cututtukan suna tsallakawa zuwa mutane. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin ɓarkewar ƙwayar Campylobacter mai jure magunguna da ta kama mutum sama da 100 a jihohi da dama tsakanin 2016 da 2018, aka danganta ta da 'yan kwikwiyon shaguna, yawanci na kamfanin shagunan dabbobi mai suna Petland. Binciken ya nuna ana ɗura wa 'yan kwikwiyon maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ba su da ciwo, abin da ya sa ƙwayar ta yi taurin kai.

Hali ma yana taɓuwa. Daga mako uku zuwa kamar sha biyu ne kwikwiyo ke koyon sabo da mutane da ƙara da sauran karnuka. Wanda ya yi wannan lokaci a keji da bayan mota yakan tashi da tsoro, tsoro kuma shi ke kawo cizo. Binciken da Franklin McMillan da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya samu cewa karnukan da aka saya a shago sun fi na ƙananan masu kiwo faɗa da fargaba.

Amma an nuna mini takardun asali. Ba su isa ba?

Ba su isa ba. Takardar rajista, ko ta AKC ce, wato babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, abin da take cewa shi ne uwa da uba iri ɗaya ne kuma an rubuta sunayensu. Ba ta cewa suna da lafiya, ba ta cewa an ga inda suke kwana. Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyin rajista da za su ba kowa takarda idan ya biya. Takardar da ke da amfani ita ce sakamakon gwajin lafiyar iyaye da katin rigakafi mai sunan likitan da za ka iya kira.

Yaya zan gane mai sayarwar da ya kamata in guje wa?

Ka ce kana son zuwa ka ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi, sannan ka saurari amsa. Idan aka ce uwar ta je asibiti, ko tana gidan wani, ko a haɗu a tashar mai don a rage maka wahala, ka haƙura. Gani ya kori ji. In an fito da wata karya, ka duba ko nononta ya nuna ta shayar, ko 'yan kwikwiyon suna bin ta, domin akan ajiye lafiyayyiyar karya don nunawa kawai.

Sauran alamun suna biyo wannan. Mutum ɗaya yana da iri biyar ko shida a lokaci guda, kullum kuma akwai kaya a ƙasa. Lambar waya ɗaya a tallace-tallace da yawa. Ana matsa maka ka tura kafin alƙalami yau domin wai wani yana jira. Kwikwiyo bai kai mako takwas ba. Abin da ya fi ba ni tabbaci shi ne tambayoyi: mai kiwo na kirki zai dame ka da su, ina za ka ajiye shi, wa ke gida da rana, ka taɓa riƙe kare. Zai kuma ce idan ka kasa ka dawo masa da shi ko bayan shekaru. Wanda bai tambaye ka komai ba sai yadda za ka biya ya riga ya gaya maka matsayin karen a wurinsa.

Na ga kwikwiyo cikin mummunan hali. In saya don in cece shi?

Zuciya za ta ce ka saya, amma kuɗinka ne zai sa a sake haɗa uwarsa, kuma kafin mako ya zagayo wani ya maye gurbinsa a kejin. Abin da ya fi shi ne ka riƙe adireshi da ranar da ka gani, da hoton tallar, ka kai rahoto. A Amurka ga hukumar kula da dabbobi ta gunduma, ma'aikatar noma ta jiha, ko APHIS idan mai lasisi ne. A Ingila ga ƙaramar hukumar da ke ba da lasisi da kuma ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA.

Ko ƙungiyoyin ceto sun faɗa wannan tarko. A 2018 jaridar Washington Post ta gano cewa gommai daga cikinsu sun kashe miliyoyin daloli suna sayen karnuka a gwanjon Missouri, har wasu masu kiwo suka fara haifar da 'yan kwikwiyo musamman don su. Niyya mai kyau ce, amma ciniki ne.

Masu adawa da waɗannan dokoki ba su da hujja ko kaɗan?

Suna da wasu. Masu shaguna sun ce idan aka rufe su, mutane za su koma intanet inda ba mai duba komai kuma 'yan damfara sun cika, kuma akwai gaskiya a nan. AKC takan ce a auna kulawa, kada a auna yawa, domin mai kare goma yana iya zama azzalumi, mai hamsin ya zama mai kula. Wannan ma haka ne. Inda hujjar ta yi rauni shi ne, auna kulawa yana buƙatar sufetoci masu yawa da hukunci mai zafi, kuma amsar da ta gabata kan aikin APHIS ta nuna yadda wannan ya kaya cikin shekaru fiye da hamsin.

Wannan ya shafe mu a Najeriya ko Nijar?

Ba a girman na Amurka ba, amma iri ɗaya ne ke tsirowa. Matsalar tsaro ta sa neman karnukan gadi irin German shepherd, Rottweiler, Boerboel da Caucasian ya ƙaru a Abuja, Jos, Kaduna da Legas, kuma ana tallarsu a Jiji da Facebook da Instagram. Inda kuɗi ya shigo, za a samu mai ɗaure karya a kejin ƙarfe bayan gida cikin zafin rana yana haɗa ta duk zuwa. Caucasian, mai gashin da aka halitta don sanyin duwatsu, shi ya fi shan wuya. Shawarar ba ta canza ba: ka je ka ga uwar, ka nemi katin rigakafi, ka kai shi wurin likitan dabbobi a makon farko. A nan akwai ƙarin dalili, domin ciwon haukan kare yana nan yana kashe mutane, kuma allurarsa ba abin wasa ba ce. Mai niyyar tafiya da kare Amurka kuma ya sani cewa tun Agustan 2024 ba a shigar da wanda bai kai wata shida ba, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da aka tsaurara wa sharuɗɗa saboda wannan ciwo.

Wani zai ce kare ne fa. Malamai sun yi saɓani kan cinikin kare, sun kuma yi bayanin wanda ya halatta a riƙe don gadi, farauta ko kiwo. Amma kan azabtar da shi ba a yi saɓani ba. Hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne, haka na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Karen da aka ceto daga irin wannan wuri yana warwarewa?

Jiki yakan riga zuciya warkewa. A binciken da McMillan da James Serpell da Deborah Duffy suka wallafa a 2011 kan tsofaffin karnukan haihuwa sama da 1,100 da aka mayar gidaje, an samu cewa tsoro ya fi komai daɗewa a jikinsu, har bayan shekaru. Irin wannan kare bai san matakala ba, bai san igiya a wuya ba, bai san ana fita waje a yi bayan gida ba, hannu kuma idan ya nufo shi sai ya sandare.

Masu riƙonsu sun fi ba da shawarar a ware masa lungu mai shiru, a riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, kada a tilasta masa runguma, a bar shi ya zo da kansa. Zama da wani kare mai natsuwa yana taimakawa ƙwarai, domin da karnuka ya saba, ba da mutane ba. A kula da ƙofa sosai a watannin farko, saboda idan ya firgita ya fita ba zai amsa kira ba. A kai shi likita a duba haƙora tun da wuri, domin sau da yawa sai an cire wasu kafin ya iya cin abinci ba ciwo. Wasu karnukan cikin 'yan watanni suke sakewa, wasu kuma har tsufa ba za su so baƙo ba, sai mutum ɗaya ko biyu na gidan.